Asusun zuba jari na haɗaka: Yadda ake zaɓe domin dogon zango

A shekarar 2019 kuɗin kujerar aikin Hajji a Najeriya ya tsaya a kan kimanin naira miliyan 1.5. A shekarar 2025 kuwa ya haura naira miliyan 8.

Wannan na nufin mutumin da ya haɗa kuɗin kujerarsa cif a 2019, ya kuma adana su a gida bai taɓa ba, bayan shekara shida abin da ke hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nema ba.

Irin wannan hali ne ke sa ma'aikata da 'yan kasuwa neman inda za su sa kuɗin da suke tarawa domin karatun 'ya'ya, ko ginin gida, ko zaman bayan ritaya, ta yadda darajarsu ba za ta zube ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce asusun zuba jari na haɗaka. To sai dai irin waɗannan asusu suna da yawa, kuma wanda ya dace da wani ba lalle ne ya dace da wani ba.

Mene ne asusun haɗaka?

Tsarin ya yi kama da watanda. Mutane da dama ne ke haɗa kuɗi su sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya saya shi kaɗai ba, sa'annan kowa ya samu kaso gwargwadon abin da ya zuba.

Bambancin shi ne a nan ba sa ake saya a yanka ba. Ana miƙa kuɗin ne ga wani kamfani mai lasisi, shi kuma ya sayi hannayen jarin kamfanoni daban-daban, ko takardun lamunin gwamnati, ko sukuk, ya ci gaba da juya su.

Ana kasa dukiyar asusun zuwa ƙananan kaso masu daraja ɗaya. Idan aka tattara darajar duk abin da asusun ya mallaka, aka cire bashin da ke kansa, aka raba da yawan kason da ke hannun jama'a, abin da ya fito shi ne farashin kaso ɗaya.

Wannan farashi yana hawa yana sauka. A mafi yawan asusun da ke Najeriya, mai jari na iya sayen ƙarin kaso ko mayar da nasa ga kamfanin a duk ranar aiki, a kan farashin wannan rana. Da dama daga cikinsu na karɓar abin da ya kama daga naira 5,000.

Tsarin ya bambanta da adashi, inda mutum ke kwasar daidai abin da ya zuba. Ya kuma bambanta da ajiyar banki. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda tun 2024 take tsaya wa mai ajiya a bankin kasuwanci har zuwa naira miliyan 5, ba ta tsaya wa kuɗin da aka zuba a asusun haɗaka. Riba ta mai jari ce, hasara ma tasa ce.

Asalin tsarin

Masana tarihin kuɗi na danganta farkon tsarin da wani ɗan kasuwar birnin Amsterdam wanda a 1774 ya kafa wani asusu domin masu ƙaramin ƙarfi su samu damar rarraba jarinsu. An kafa makamancinsa a London a 1868.

Asusu irin na zamani, wanda ake shiga a fita a duk lokacin da aka so, ya soma ne a birnin Boston na Amurka a 1924.

A Najeriya, hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari ce ke yi wa kowane asusu rajista. Tana aiki ne da dokar zuba jari ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007. Ya zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ke cikin irin waɗannan asusu a ƙasar ta haura naira tiriliyan 3.

Su wa ke riƙe da kuɗin?

Doka ba ta bar kuɗin jama'a a hannu ɗaya ba. Akwai kamfanin da ke juya jarin, wanda shi ke yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a sayar.

Akwai kuma bankin da ke matsayin ma'aji, wanda kuɗin da takardun kadarorin ke hannunsa. Na uku shi ne kamfanin amintattu, wanda ke wakiltar masu jari, yana lura da ko ana bin ƙa'idojin da aka gindaya. Bayan waɗannan akwai masu binciken kuɗi na waje da ke duba lissafin duk shekara.

Hikimar wannan rabon aiki ita ce, ko da kamfanin da ke juya jarin ya durƙushe, kadarorin asusun ba sa cikin dukiyarsa, domin ba nasa ba ne. Saboda haka duk asusun da ya kasa faɗin sunan ma'ajinsa da amintattunsa, akwai alamar tambaya a kansa.

Ire-iren asusu

Na farko shi ne asusun gajeren zango. Yana sayen takardun bashin gwamnati da na manyan kamfanoni waɗanda wa'adinsu bai wuce shekara ɗaya ba, yana kuma ajiye kuɗi a bankuna a kan kuɗin ruwa. Da wuya uwar kuɗin ta ragu, kuma ana iya cirewa cikin 'yan kwanaki. Yana daga cikin waɗanda suka fi tara kuɗi a Najeriya.

Na biyu shi ne asusun takardun lamuni masu dogon wa'adi. Yana biyan wani abu lokaci-lokaci, amma farashinsa kan faɗi idan kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa, domin ba mai son tsohuwar takarda mai biyan kaɗan alhali ga sabuwa mai biyan da yawa.

Na uku shi ne asusun hannayen jari, wanda ke sayen kaso a kamfanoni irin na siminti, da sadarwa, da abinci, da bankuna. Shi ne ya fi hawa da sauka, shi ne kuma ya fi ba da damar bunƙasa idan an daɗe, domin kamfani na iya ƙara farashin kayansa idan tsada ta zo.

Na huɗu gauraye ne, wani ɓangare hannun jari, wani ɓangare takardun lamuni.

Akwai kuma asusun dala, wanda galibi ke sayen takardun lamunin da gwamnati da bankunan Najeriya ke sayarwa a kasuwannin waje, da asusun gidaje da gine-ginen haya, sai kuma asusun da ke bin ƙa'idojin Shari'a.

Buri da lokaci

Tambayar da ta fi muhimmanci wajen zaɓe ba ita ce wane asusu ya fi riba ba. Tambayar ita ce, yaushe za a buƙaci kuɗin, kuma me za a yi da su?

Kuɗin hayar gida da za a biya nan da wata takwas, ko kuɗin makarantar zango mai zuwa, ba su da hurumi a asusun hannayen jari. Idan kasuwa ta faɗi ana saura wata ɗaya a biya, babu lokacin jiran ta farfaɗo.

Burin da ke da tazarar shekara uku zuwa biyar, kamar kujerar Hajji ko kayan auren 'ya, ya fi dacewa da asusun da bai cika tangal-tangal ba, ko kuma gauraye.

Shi kuwa burin da ya kai shekara goma ko fiye, kamar karatun jami'ar jaririn da aka haifa bana, ko guzurin ritayar ɗan shekara 35, a nan ne hannun jari ke da gurbi mafi girma.

Haka kuma ana la'akari da nau'in kuɗin da za a kashe a ƙarshe. Kujerar Hajji da karatu a ƙasar waje dala ce ke yanke farashinsu, ko da kuwa da naira ake biya. Kuɗin gini kuwa farashin siminti da rodi ne ke jan sa.

Kafin duk wannan, ƙa'idar da masu ba da shawara kan kuɗi suka fi nanatawa ita ce mutum ya ware abin da zai riƙe gidansa na wata uku zuwa shida a inda zai iya ɗauka nan take. Wanda ba shi da wannan, rashin lafiya ɗaya za ta tilasta masa karya jarinsa a mummunan lokaci.

Darasin 2008

Bayan haɗewar bankuna ta 2004 zuwa 2005, wadda ta rage yawansu daga 89 zuwa 25, jama'a sun yi tururuwa zuwa kasuwar hannayen jari. Wasu sun sayar da filaye, wasu sun ci bashin banki domin sayen hannun jarin bankunan kansu.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya kai maki sama da 66,000. Bayan shekara ɗaya ya gangaro zuwa kimanin 20,000, wato an yi hasarar kusan kashi 70 cikin 100. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu manyan bankuna.

Ma'aunin bai sake taka matsayinsa na 2008 ba sai a watan Agustan 2023, wato bayan fiye da shekara 15. Ko da yake wannan lissafi bai haɗa da ribar da kamfanoni suka riƙa rabawa duk shekara ba, a tsakanin wannan lokaci dala ta tashi daga kimanin naira 118 zuwa sama da naira 700.

A ɗaya ɓangaren kuma, ma'aunin ya tashi da kimanin kashi 50 cikin 100 a 2020, da kusan kashi 46 a 2023, da kusan kashi 38 a 2024, shekarar da ya tsallake maki 100,000.

Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne dogon lokaci yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi. Wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka a rana ɗaya, lokacin da kowa ke rububi, ya sha wuya. Wanda ya ci gaba da zubawa kaɗan-kaɗan a shekarun da farashi ke ƙasa, shi ya ci moriyar tashin da ya biyo baya.

Ga misali a lissafe. Mutum na zuba naira 10,000 duk wata. A watan farko kaso na kan naira 100, ya samu kaso 100. A wata na biyu farashi ya faɗi zuwa naira 50, ya samu 200. A na uku ya koma naira 100, ya samu 100. Ya kashe naira 30,000, yana riƙe da kaso 400 da darajarsu ta kai naira 40,000, alhali farashin bai wuce inda ya faro ba.

Wannan dabara ba ta hana hasara idan kasuwa ta ci gaba da faɗuwa, amma tana raba mutum da wahalar cankar ranar da ta fi dacewa da shiga.

Hauhawar farashi

Mutane da yawa na ɗaukar asusun gajeren zango a matsayin wanda ba shi da haɗari, tun da lambar da ke kan takarda ba ta raguwa. Ga mai dogon buri, a nan haɗarin yake ɓoye.

A ƙarshen 2020 kuɗin ruwan da takardun bashin gwamnati na gajeren wa'adi ke biya ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 15. A 2024 takardun shekara ɗaya sun biya sama da kashi 20, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba.

Idan naira 100,000 ta zama 120,000 cikin shekara, amma kayan da take saya suka koma 130,000, to mai kuɗin ya samu riba a takarda, ya yi hasara a kasuwa. Ribar gaskiya ita ce wadda ta rage bayan an cire hauhawar farashi.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta kimanta wannan. Idan aka raba 72 da adadin hauhawar, za a samu kusan yawan shekarun da farashi zai ninka. A kan kashi 18 cikin 100, shekara huɗu ke nan. Haka ma ake kimanta lokacin da jari zai ninka.

Asusun dala ya samu karɓuwa bayan watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. To amma shi ma yana da nasa haɗarin. Idan naira ta farfaɗo, darajarsa a naira na raguwa, kuma yana dogara ne ga ƙarfin mai cin bashin na iya biya.

Kuɗin hidima

Kamfanin da ke juya jari yana yankar ladarsa daga dukiyar asusun duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Galibi tana kamawa daga kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A kan wannan akwai ladar ma'aji, da ta amintattu, da ta masu binciken kuɗi. Wasu kuma na karɓar ƙarin lada idan riba ta wuce wani mizani.

Da yake ana cire kuɗin ne kafin a sanar da farashi, yawancin masu jari ba sa ganin fitarsu. Amma a dogon zango ba ƙaramin abu ba ne.

Naira miliyan 1 da ke ƙaruwa da kashi 15 cikin 100 duk shekara za ta zama kimanin miliyan 16.4 bayan shekara 20. Idan kuɗin hidima ya cinye kashi 2, ƙaruwar ta koma kashi 13, abin da za a samu shi ne kimanin miliyan 11.5. Kusan naira miliyan 5 ta tafi.

Saboda haka abin dubawa shi ne jimillar kuɗin da asusun ke kashewa a shekara, ba ladar manaja kaɗai ba. Ya kamata a kuma san ƙa'idar cire kuɗi, domin asusu da dama na cin tarar wanda ya fita kafin cikar wasu kwanaki ko watanni.

Batun rage kuɗin hidima ne ya sa John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a Amurka, ya fito da wani asusu a 1976 da ba ya ƙoƙarin zaɓen kamfanonin da za su yi fice. Yana sayen duk kamfanonin da ke cikin ma'aunin kasuwa ne kawai, a kan lada 'yar kaɗan.

Rahotannin da kamfanin S&P ke fitarwa sun sha nuna cewa a tsawon shekara 15, kusan tara cikin goma na manajojin da ke zaɓen manyan kamfanonin Amurka ba sa kamo ma'aunin kasuwar. Attajiri Warren Buffett ma ya ci wata gasa ta dala miliyan 1, daga 2008 zuwa 2017, inda asusu mai bin ma'auni ya yi wa wasu zaɓaɓɓun asusun ƙwararru fintinkau.

Kasuwar Najeriya ƙarama ce idan aka kwatanta da ta Amurka, kuma 'yan kamfanoni kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan darajarta. Duk da haka akwai irin waɗannan asusu masu bin ma'auni da ake saye da sayarwa a kasuwar ta Legas.

Ribar bara

Tallace-tallace sun fi son nuna ribar shekarar da ta gabata. Amma asusun da ya zo na ɗaya a bara ba shi da tabbacin ko kusantar haka a bana.

Abin da ya fi amfani shi ne a duba tarihin shekara biyar zuwa goma, wanda ya ƙunshi shekarun daɗi da na wuya, a ga yadda asusun ya kasance lokacin da kasuwa ta faɗi.

Sa'annan a kwatanta shi da sa'o'insa. Asusun hannayen jari da ya samu kashi 25 cikin 100 a shekarar da kasuwa ta tashi da kashi 45, bai yi abin yabo ba. Hukumar SEC na wallafa darajar dukan asusun da ta yi wa rajista a shafinta na intanet duk mako.

Kowane asusu na da kundin bayani da kuma taƙaitaccen rahoto da yake fitarwa lokaci-lokaci. A ciki ne ake ganin manyan kadarorin da ya saya. Wanda ya sayi asusu uku da dukansu ke riƙe da bankuna iri ɗaya bai rarraba jarinsa ba, ya dai biya lada sau uku.

Batun halacci

Ga Musulmi da dama, tambayar halacci ce ke zuwa kafin ta riba. Asusun gajeren zango da na takardun lamuni da na dala na yau da kullum, a kan kuɗin ruwa suke gudana.

Game da hannun jari kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a taronta na Jidda a 1992 cewa asali halas ne mallakar kaso a kamfanin da sana'arsa halas ce.

Asusun da ke bin Shari'a na tace kamfanoni sau biyu. Da farko ana fitar da masu sana'ar giya, da caca, da naman alade, da bankuna da inshora masu mu'amala da ruwa. Bayan haka ana duba lissafin waɗanda suka rage.

A ƙa'idar hukumar AAOIFI mai mazauni a Bahrain, bashi mai ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, haka ma ajiyarsa mai ruwa. Abin da yake samu ta hanyar da ba ta halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan abin ana lissafa shi a fitar ga mabuƙata domin tsarkake riba. Akwai malaman da ke ganin ko wannan sassaucin bai kamata ba.

Tsarin na da tarihi. Malaysia ta kafa asusun adashin alhazai na Tabung Haji a 1963. A Najeriya kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa, ya buɗe asusunsa na halal a 2008, daga baya wasu manyan kamfanoni suka bi sahu da nasu.

Abin da ya faɗaɗa fagen shi ne sukuk. Jihar Osun ta fitar da nata a 2013, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da na farko a 2017, na naira biliyan 100 da wa'adin shekara bakwai, domin gina hanyoyi. Mai sukuk kuɗin haya yake karɓa a kan kadarar da yake da kaso a cikinta. Hakan ya bai wa asusun Shari'a abin da za su saya wanda bai kai hannun jari tangal-tangal ba.

A 2020 hukumar alhazai ta NAHCON da bankin Jaiz suka ƙaddamar da shirin adashin Hajji, a 2021 kuma hukumar fansho ta PenCom ta samar da ƙa'idar asusu na shida, marar ruwa, ga ma'aikatan da ke so.

Mai neman irin wannan asusu na da haƙƙin sanin sunayen malaman da ke kwamitinsa na Shari'a, da ganin rahotonsu na shekara. Kalmar halal a jikin suna ba ta wadatar ba, kuma halacci ba ya nufin ba za a yi hasara ba. A mu'amalar Musulunci ma, ɗaukar haɗarin hasara shi ne ke halatta cin riba.

Zakka da gado

Jarin da ke asusun haɗaka dukiya ce da zakka ke hawa kanta idan ta kai nisabi, wanda ake ƙiyastawa da giram 85 na zinare, shekara ta kuma zagayo. Adadin shi ne kashi 2.5 cikin 100. Malamai sun yi saɓani kan ko za a fitar daga dukan darajar jarin ko daga wani ɓangarensa ga wanda ya riƙe shi domin dogon lokaci, don haka ana komawa ga masana fiƙihu.

Haka kuma sunan makusanci da ake rubutawa a fom ba ya mai da shi magaji. Kamfani kan nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗin mamaci. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jari da ba a karɓa ba a Najeriya ta kai kimanin naira biliyan 190. Jarin da iyali ba su san da shi ba, da wuya ya isa gare su.

Hattara da 'yan damfara

A watan Disambar 2016 shirin MMM, wanda ke alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya tsaya cik. Hukumar NDIC ta ƙiyasta cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 3 sun yi hasarar naira biliyan 18. A watan Afrilun 2025 dandalin CBEX ma ya rufe da kuɗin jama'a.

Alamominsu iri ɗaya ne. Riba mai yawa da aka ce tabbatacciya ce, da tukwici ga wanda ya kawo wani, da gaggawa, da rashin cikakken bayanin inda ake juya kuɗin. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Takardar rajistar kamfani daga hukumar CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar SEC ce ke bayar da wannan, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Dokar 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan damfara.

Nijar da Ghana

A Jamhuriyar Nijar, irin waɗannan asusu na aiki ne a ƙarƙashin hukumar kasuwar kuɗi ta ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, waɗanda ke da kasuwar hannayen jari ɗaya a Abidjan tun 1998.

Ghana kuwa ta ga yadda lamarin kan ɓaci. A watan Nuwamban 2019 hukumar kasuwar ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya jari. A ƙarshen 2022 kuma gwamnati ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin biya, abin da ya taɓa asusun da ke riƙe da su. Wannan ya nuna cewa ko bashin gwamnati ba shi da cikakken tabbas.

Bayan an zaɓa

Jarin dogon zango ba ya buƙatar dubawa kullum. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa a ga ko asusun na nan kan manufarsa, ko an ƙara kuɗin hidima, ko kuma ya jima yana bayan sa'o'insa.

Idan lokacin buƙatar kuɗin ya ƙarato, kamar saura shekara biyu ko uku yaro ya shiga jami'a, akan fara kwashe jarin daga hannun jari a hankali zuwa inda bai cika motsi ba.

Faɗuwar kasuwa ita kaɗai ba dalilin fita ba ce ga wanda burinsa ke da sauran shekara goma. Abin da ke wajabta sauya asusu shi ne sauyin buri, ko ƙaratowar lokaci, ko kuma kamfanin ya saɓa wa abin da ya rubuta a kundinsa.